Katin Magani na Uku

Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Ana yaye shi yayana ya zo daga Hunkuyi ya tafi da shi, matarsa ta riƙe shi. Can ya yi allo, can ya yi boko. Sai da ya samu aikin koyarwa a Ikara, mahaifinsa kuma ya rasu, sannan muka zauna gida ɗaya, ni da shi da matarsa da 'ya'yansu. Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a jan hira da shi, in ya faɗi kina kallo sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. In ina da magana da shi matarsa nake kira, in ce, "Ki gaya wa mutumin nan kaza," ko da kuwa yana zaune a tabarmar da ke gefena.

Ya haura hamsin lokacin da ciwon baya ya kama shi. Aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Ni dai ina kallon tafin hannunsa in ya ɗaga yana addu'a, ya yi fari fat. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, bai iya miƙewa ba. A asibiti a Zariya suka huda ƙashin ƙugunsa suka ɗebi ɓargo, suka ce ciwon daji ne na ɓargo. Wai ɓargon ne ke haifar wasu miyagun ƙwayoyi, su rarake ƙashi, su hana jini yawa, in an bar su har ƙoda su taɓa.

Watanni ya yi yana zuwa allura yana shan ƙwayoyi. Da ciwon ya lafa suka ce a fita da shi ƙasar waje a yi masa dashen ɓargo. Yadda aka haɗa tafiyar wani labari ne daban. Matarsa ce ta raka shi, ita ce kuma ta yi mini bayani da suka dawo.

Ta ce, "Inna, kamar iri ne. Sun tace mai kyau daga cikin jininsa suka ajiye. Sai suka ba shi wani magani mai ƙarfi ya ƙone ɓargon gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Sannan suka mayar masa da irin nasa ya sake tsirowa."

Na ce, "To ya tsiro?"

Ta ce, "Sai an yi kwana ɗari za a duba."

Ya dawo ba gashi ko ɗaya a kansa, har gira. Da takunkumi a baki yake zama, ba ya musabaha, ba ya cin abincin da ya kwana. Wasu maƙwabta suka ji haushi, suka ce zuwa waje ya sa masa girman kai. Ban kula su ba. Na zauna a bakin ƙofa ina korar duk mai tari.

Ranar da za a karɓo sakamako na ce zan bi su. Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta ɗaga murya. Ta juya takardu ta ce ba su ga alamar cutar a jini ba, ba su gani a fitsari ba, ɓargon ma fes yake. Matarsa ta rufe baki da mayafi tana kuka. Shi kuma ya yi ta alhamdu lillahi. Daga nan ba na jin sun sake jin komai. Ni ce na ji sauran, don ni ba ni da damar yin kuka a kansa.

Ta ce, "Malam, ban ce ka warke ba. Na ce ba mu gan ta ba. Wannan cutar tana ɓuya ne, takan dawo. Akwai maganin da za ka ci gaba da sha don ya danne ta, ya ja maka lokaci. Kullum ƙwaya ɗaya, mako uku, sai ka huta mako ɗaya. Duk wata ka zo a auna jini. Kada ka tsallake, kada ka ba kowa. Mace mai ciki kuwa ko taɓa shi kada ta yi, yana lalata abin da ke cikin."

Na gane maganarta sarai. Na yi noma a ƙauyen Taba tun ina budurwa, na san ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa. Kana iya tuge shi gona ta yi tas, irinsa na nan kwance a ƙasa yana jiran dawa.

Muna komawa gida aka yi sadaka. Aka yanka rago, aka toya waina, malamai suka yi addu'a. 'Yan barka suka yi ta zuwa daga Makarfi da Kudan, kowa faɗi yake, "Ya warke, ya warke." Yayana ma ya zo. Tsohon dillalin hatsi ne, shekarun da ya yi yana cicciɓar buhu sun tanƙwara shi, da sanda yake tafiya. Ya kwana biyu. Da zai tafi na hango su a zaure, shi da ɗana, suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga yayan nawa ya cire hula ya sa wani abu a ciki ya mayar. Na ɗauka goro ne.

Ni ban iya karatu ba, kuma ba zan iya tsayawa a kansa in ce ka sha magani ko ba ka sha ba. Amma maganin a kwali yake zuwa, kati uku a ciki, kowane kati ƙwaya bakwai. In kati ya ƙare yakan jefa shi a kwandon shara, ni kuma in tsince shi don kada jikoki su yi wasa da shi, in sa a wani gwangwanin madara. Ran Asabar yake fara sabon kwali. Don haka kowace Juma'a kati ɗaya ke faɗowa, Juma'a uku a jere, ta huɗu babu. Watan farko ban lura da kyau ba, gida cike da baƙi. A wata na biyu Juma'a ta zo ban ga kati ba, sai ran Litinin. Har watan ya fita kati biyu na tsinta. Na ce ko kaji sun ja ɗaya. Wata na uku ma biyu. Na kuma lura duk lokacin da ya karɓo sabon kwali daga Zariya, washegari sai ya hau babur ya ce zai je Hunkuyi gaida Kawu.

Na bari ya tafi makaranta, na kira matarsa ɗakina. Na zazzage gwangwanin a gabanta.

Na ce, "Ina na ukun yake zuwa?"

Ta ce, "Inna, wane na uku?"

Na ce, "Ke, ni na yi miki wankan jego sau biyar. Na san fuskarki in kina ɓoye abu."

Ta sunkuyar da kai ta ce Malam ya hana ta faɗa. Wai ranar barka Kawu ya ce masa, "Ɗana, maganin nan da ya miƙar maka da baya, ka ɗan sam mini, nawa bayan ya ishe ni." Shi kuma ya kasa cewa a'a. Tun daga ranar yake kai masa kati ɗaya duk wata, shi kuma ya ja sauran biyun, ya sha kwana biyu ya tsallake ɗaya.

Ta ce, "Na yi masa magana, ya ce ai ya ji sauƙi, kuma da wane baki zai hana mutumin da ya rene shi magani?"

Ban ga laifinsa duka ba. Mu haka muka tashi. Maganin da ya yi wa wani aiki ba a hana shi, kamar ruwan sha ne. Ni kaina na sha ƙulle ragowar ƙwayoyi a bakin zane in kai wa maƙwabciya. Amma wannan ba ragowa ba ce.

Washegari na hau mota zuwa Makarfi, na canza wata zuwa Hunkuyi. Na tarar da yayana a ƙofar gida kan buzu, ya ƙara ramewa, yana ta sosa damtse. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona da ruwa, sai da aka kawo fura na kurɓa sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Na ce, "Yaya, maganin mutumin nan na zo karɓa."

Ya ce, "Wane mutumi? Ai mutane da yawa ne a duniya. Faɗi sunansa in ji."

Na ce, "Ka san wanda nake nufi."

Ya yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Ke da ko sunansa ba kya iya faɗa, yau ke ce mai bin sawunsa? Lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi kina ina? A kan cinyar nan ya yi jinya."

Na ce, "Ba na musu. Shi ya sa ya kasa hana ka, ni kuwa zan iya."

Ya ce, "Kyauta ya ba ni. A gidanmu kin taɓa ganin an ba da kyauta an dawo an karɓe?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba. Yau za a fara."

Ya ɓata rai. Na gaya masa abin da likita ta ce, cewa maganin ba na ciwon baya ba ne, na danne cutar ɓargo ne, kuma duk ƙwayar da ta zo Hunkuyi daga bakin ɗansa aka cire ta. Na tambaye shi ko bayan nasa ya miƙe. Ya ce gudawa dai yake ta yi, ga ƙaiƙayi, ga kasala, ya ɗauka maganin ne ke fitar da dauɗa.

Ya ce, "Ba cewa aka yi ya warke ba? Na ci naman ragon."

Na ce, "Nama ka ci. Ni kuwa ina ɗakin da likita ta yi magana."

Sai ya ƙwala wa matar ɗansa kira, ya ce ta shiga turakarsa ta ɗauko wani kati a ƙarƙashin matashi. Ta fito daga madafa tana tura ciki, wata bakwai ko takwas. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Tsaya nan! Kin taɓa taɓa shi?"

Ta tsorata ta ce a'a, Baba da kansa yake ajiyewa. Na shiga turakar yayana, abin da ban taɓa yi ba tun da ya yi aure, na ɗaga matashin na ɗauko. Saura ƙwaya huɗu. Da zan tafi bai raka ni ko taku ɗaya ba. Na ce masa ya shirya, za a zo a kai shi asibiti a duba nasa bayan da jininsa.

Na iso Ikara bayan la'asar. Ɗana na zaune a tsakar gida yana duba littattafan 'yan makaranta, matarsa na tankaɗe. Na ajiye katin a kan littafin da ke gabansa.

Na ce, "Kai."

Ya waiwaya bayansa yana neman wanda nake wa magana.

Na ce, "Da kai nake. Na karɓo daga wurin kawunka. Kunyar ni na ɗauka, ba ruwanka, in ya yi fushi da ni zai yi. Daga yau kwalin nan a ɗakina zai zauna. Ranar asibiti kuma da ni za a je, ka faɗa wa likita da bakinka ko ni in faɗa."

Ya cire gilashinsa ya ce, "To, Inna." Matarsa ta tsaya da rariya a hannu, ta kasa ci gaba.

Da bakinsa ya faɗa. Likitar ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ajiye biro ta dube shi, ta tambaye shi wata nawa ya yi yana tsallakewa, ta ce sai an yi babban awo, ba na kowane wata ba. Mako biyu muka jira. A cikin makon biyun nan na yi ta kallon yadda yake sunkuyawa in zai ɗauki buta. Da sakamakon ya fito ta ce har yanzu ba a ga komai ba. Na tambaye ta ko tsallaken da ya yi ya rage masa wani abu. Ta ce, "Mama, wannan ba wanda zai iya gaya miki. Daga nan dai kada a sake."

Yayana ya yarda aka kai shi daga baya. Suka ce jininsa ya ɗan yi ƙasa amma zai dawo, bayan kuma tsufa ne da ɗaukar kaya, suka ba shi nasa maganin. Har yau cewa yake wancan ya fi ƙarfi. In na je Hunkuyi yakan ce wa jikokinsa su ɓoye takalmansu, ga mai karɓe kyauta ta zo. Ba ya dariya sosai in ya faɗa.

Yau shekara biyu ke nan da wani abu. Kwalin na cikin kwallata, a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Kowace safiya kafin ya tafi makaranta yakan shigo ya durƙusa ya gaishe ni, in miƙa masa kati da ruwa a moɗa, ya ɓalle ɗaya ya haɗiye ina kallon maƙogwaronsa. Duk wata ana auna jini, wani lokaci su ce ya ɗan dakata sai jinin ya hau, in kuwa su suka faɗa ba na gardama. Cutar ba ta dawo ba tukuna. Na san likita ba ta ce ba za ta dawo ba.

A makon hutu ba abin da zan ba shi, amma yana shigowa duk da haka, ya zauna a bakin gado ya ba ni labarin 'yan ajinsa da farashin taki. Ina amsa masa. Sunan dai har yanzu ban kira ba.