Ranar da Na Kashe Wutar Inna Tumba

Ni dai bokona a aji uku ya tsaya, kuma rabin ajin ukun nan a kan itacen kanya na yi shi. Saboda haka duk wanda ya ji ina bayanin jijiyoyin zuciya a majalisa kamar wani likita, ya sani ba a littafi na gani ba. A bakin murhun kakata, Inna Tumba, na ɗauki darasin, a wani ƙauye gefen Kebbe, tun ban san inda zuciyar take a jikina ba.

Inna Tumba ba ta da saniya ko ɗaya, amma tana da abin taƙamarta: wutarta ba ta mutuwa. A lokacin ashana sai gidan mai hali. In ta gama girki, takan zaɓi garwashi mai kyau, ta tura shi cikin busasshen kashin shanu, ta yayyafa toka a kai, sannan ta soka yatsa ta bar ɗan rami a tsakiya. Da safe matan unguwa ke shigowa da tsingaro suna ɗibar wuta, har da matan Fulani in sun sauka kusa da mu da kaka. Ita kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa shiga gidan kowa roƙon wuta ba. A bakin wutar nan muke taruwa bayan magariba, hannu na warin miyar kuka, ta yi mana tatsuniya kafin a kira isha'i.

Wata ranar kasuwa ta rufe wutarta da hantsi ta tafi. Ni kuma na tono dankali huɗu a gonar kawuna ba da saninsa ba, na gasa a murhunta, na cinye. Don kada a ga ɓawon, sai na kwaso toka da ƙoƙo na labta a kai, na bi da ƙafa na daddanne. A ganina na yi gwaninta.

Da la'asar ta dawo ta tona, murhu sanyi ƙalau, ga ɓawon dankali. Ta ɗauki tsingaro, ta ja mayafi har goshi, ta shiga maƙwabta. Ina jin matan gidan suna guɗa suna tsokanarta.

Na jira duka, bai zo ba. Bayan magariba ta zauna ta ce, “Ga ta nan ta ɗauko kayanta.” Muka ce, “Ta sauke mu gani.”

Ta ce wani gari ne aka kwana bakwai ana ruwa, wutar kowa ta mutu, sai garwashi ɗaya a ɗakin wata tsohuwa. Ta fasa shi uku ta ba mutum uku. Na farko ya tara masa kara da yayi, ya hura, wuta ta tashi har sama, gari ya taru ana tafi. Kafin a watse ta cinye kanta. Na biyu tsoro ya kama shi, ya sa nasa a tukunya, ya cika da toka, ya liƙe bakin da laka, ya hau ya zauna.

Nan ta dube ni. “Shi wanga na biyu, kunnuwa nai manya na, awa na wani miji nau da nika gani yanzu.”

Yara suka fashe da dariya. Na ce, “Inna, ni fa na sake ki.”

“Sake ni, ɓarawon dankali. Mi kat taɓa ba ni?”

Ta ci gaba. Da mai kunnuwan ya buɗe tukunya, sai gawayi. Ta ukun wata yarinya ce, ta rufe nata da toka kaɗan, ta bar masa ramin yatsa. Kullum ta tone shi ta dama kunu, ta sam ma maƙwabta, ta mayar ta rufe. “Wuta dai,” in ji Inna, “in ka sake ta ta ƙare, in ka danne ta ta shaƙe. Tashi nan, kan dankali.” Da haka ta rufe tatsuniyar, da haka kuma sunan ya bi ni har na yi gemu.

Na girma na koma Tambuwal, ina noma ina taɓa awon hatsi. In faɗi gaskiya, rayuwar mutumin farko na yi. Tsire sai mai kitse, tuwo sai man shanu ya kwanta a kai, taba kuwa kamar an ba ni aikin ƙarar da ita. Wata safiya ina huɗa da galma sai na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, nauyin ya gangara hannun hagu, zufa ta keto. Aka kwashe ni sai Sakkwato. Likita ya ce hanyoyin da ke kai wa zuciyar kanta jini ne suka ƙuntace, kitse ya taru a ciki. Na ce, “Ashe ajiya nike yi ban sani ba.” Shi kaɗai ya yi dariya.

Da aka sallamo ni, babbar ’yata Rabi ta karɓi mulki. Ta kulle galma da fartanya da keke a ɗakinta. Masallacin da ke bayan gida ma aka hana ni, aka ce in yi salla a ɗaka. In na yi tari, mutum uku sun leƙo. Wata huɗu ina kan tabarma, ƙafafu suka yi nauyi, abinci ya fita raina, na fara ƙirga azarar rufin ɗaki ina mantawa da ranar Juma'a. Don ƙauna suka yi, na sani. Amma na gane tukunyar nan, na kuma gane mai zama a kanta, don kunnuwana ta gado.

Ranar komawa asibiti na ce wa likita a gabanta, “Likita, ina da tatsuniya.”

Rabi ta ce, “Baba, don Allah, mutane na jira.”

Na dai yi ta, a gajarce. Ya ajiye biro ya dubi Rabi. Ya ce magani kullum ba fashi, taba an rabu har abada, gishiri da kitse a rage sosai, kaya mai nauyi babu. Amma tafiya dole ce: a fara kaɗan a riƙa ƙarawa, in ƙirji ya yi magana a tsaya, in bai lafa ba a garzayo. Ya ce zaman da suka sa ni ba ya ƙara mini kwana.

Muka kamo hanyar gida har muka wuce Bodinga. Sannan Rabi ta ce, “Galma dai ba ka ganinta, Baba.”

Na ce, “Riƙe ta, ki kai ɗakin miji.”

Washegari na tarar da fartanya jingine a bakin ƙofata.

Damina shida ke nan. Kwana na Allah ne, ban ce dabarata ce ba. Amma a cikinsu na ga auren jikata, na ci kuɓewar da na shuka da hannuna, kuma sahun farko ya san ni. Tsire sai dai mu gaisa daga nesa, kamar tsohuwar budurwa. Kullum da hantsi ina takawa har bakin fadama in dawo. Bara maƙwabcina Malam Isa ya dawo daga asibiti da irin ciwona, iyalinsa suka kwantar da shi kamar ƙwai. Na ce su koma su tambayi likitansa ko an hana shi tafiya. Yanzu mu biyu ne a hanyar fadama, wani lokaci mu huɗu, muna tafe muna tsayawa, yara na kiranmu jirgin tsofaffi.

Na taɓa sa Inna Tumba ta ja mayafi ta shiga gidan mutane da tsingaro, kuma har ta koma ga Allah ban ba ta haƙuri ba. Da safen nan da na ji sandar Malam Isa na ƙwanƙwasa ƙofata, sai na ce a raina: Inna, ga shi nan. Yau gidan ɓarawon dankali ake zuwa ɗibar wuta.