Kumurci a Ɗakin Reno

Ba na jin zan taɓa mance safiyar wata Talata cikin watan Agustan bana. Ina aiki a wata ƙaramar gonar kaji a bayan garin Roni, ni ce mai kula da ɗakin reno, inda 'yan tsaki ke yin makonninsu na farko. Ana shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, a girke tukunyar garwashi a tsakiya don ɗumi. Shugabanmu, Malam Isiyaku, ya koya mini cewa in tsaki sun watse jikin bango zafi ya yi yawa, in sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji.

An kwana ana ruwa. Da na shiga na tarar sun cunkushe a kusurwa, wasu bisa wasu. Na ce sanyi ne. Na ɗebo gawayi na durƙusa gaban tukunyar, sai wani baƙin abu ya miƙe daga bayanta ya buɗe wuya. Kafin in ja baya na ji feshi a idona na hagu, kamar an watsa mini barkono.

Inna Lami mai shara ce ta jawo ni waje.

"Kada ki murza, 'yar nan. Kumurci ne."

"Inna, ba na gani. Makancewa zan yi?"

"Rufe mini baki ki buɗe ido."

Ta danne kaina a cinyarta, ta yi ta kwarara mini ruwa, buta bayan buta, har Malam ya kawo babur aka kai ni asibiti a Kazaure. Likita ya ce wankin nan ne ya ceci idon. Macijin an kashe shi. Ta ramin ɓera ya shigo, ɗumi ya biyo.

Da na dawo aiki Malam ya tambaye ni, "Kusa da wuta suka taru ko nesa?"

"Nesa, Malam."

"Suna kuka?"

Na yi tunani. "A'a. Shiru suka yi."

"Tsako mai jin sanyi wuta yake bi, kuma bakinsa ba ya shiru. Ni ne ban ƙarasa miki bayani ba."

Idon yana gani, amma har yanzu in na kama ƙofar ɗakin sai na dakata na kasa kunne. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku tsaya a bakin ƙofa ku saurara tukuna. In ba ku ji motsinsu ba, kada ku sa ƙafa. Ku kira wani.