Rigar Kaka ta gidan waya

Ina aji biyu a sakandare tsufa ya fara taɓa hankalin Kaka, mahaifin Ummata. A gidanmu na unguwar Yara yake zaune. Sunayenmu sun ɓace masa, amma ƙafarsa ta san hanyar masallaci, in kuma ya wuce, masu shaguna kan kamo hannunsa su dawo da shi. Ni yakan ce mini amarya, ya ce shayina ya fi na uwargida.

Wata rana ya kai har bakin titin Abuja, mai acaɓa ya buge shi a gwiwa. Kawu, yayan Umma, ya shigar da ƙara a kotun yanki, alƙali ya ba shi riƙon Kaka. Ya ɗauke shi zuwa Panda inda yake aiki, ya sa masa ɗaki mai kwaɗo ta waje, tunda da rana ba kowa a gidan.

Umma ta rantse sai ta dawo da shi. Wani maƙwabcinmu, tsohon abokin aikin Kaka, ya ce mata, “’Yata, ma’aikacin tarayya ne fa, gidan waya ya yi wa aiki har ya yi ritaya. Ina ke ina ƙaramar kotu? Tafi ta tarayya kai tsaye.”

Ta samu lauya, ya karɓa. Aka yi ta ɗage zama har damina ta sauka. Ranar ƙarshe ta tafi da ni kotun a garin Lafiya saboda ina jin Turanci. Ta goge tsohuwar rigar kakin Kaka, ta naɗe a leda, wai shaida. Tana rungume da ita a cinya.

Alƙalin ya karanta hukuncinsa, bai ɗaga murya ba. Umma ta zungure ni.

“Me ya ce?”

“Wai ba shi da hurumi, Umma.”

“Bai ga rigar ba ne?”

“Ya ce ba aikin Kaka ake ƙara ba. Riƙon tsoho maganar iyali ce, ta kotunan jiha. Can ya kamata a ɗaukaka ƙara.”

A waje lauya ya ce lokacin ɗaukaka ƙarar ya wuce, sai an roƙi a ƙara mana. Kawu ya zo wucewa, ya tsaya yana gyara hula.

“Hajiyar tarayya, saura ina? Majalisar Ɗinkin Duniya?”

“Yaya, ka buɗe masa ƙofa kawai.”

“In mota ta take shi, ke za ki amsa?”

Na lura idonsa ma ja ne.

Da muka je Panda a hutu, Kaka na zaune a bakin katifa, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Fentin da ke gefen ƙofar ya goge daidai tsayin hannu. Kwaɗon yana rataye a buɗe, matar Kawu ta ce ya daina tashi, ba sai an kulle ba.

Washegari Umma ta saka ni a mota ni kaɗai, ta ce in kula da ƙannena, in rufe keken ɗinkinta da zane. Da kotun jiha ta sa rana, lauya ya kira ta a waya. Ta ce tana yi wa babanta wanka, ba za ta samu zuwa ba.