Tsohuwar Kwamfutar Kawu Idi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kawuna, Malam Idi Akawu na unguwar Dogo Tebo a Potiskum. A makon jiya muka taru a gidansa aka yi masa addu'a, aka raba waina, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa na shiga ɗakin da yake rubutu na ɗan zauna. Kwamfutarsa tana nan a kan tebur, matarsa Inna Ladi ta lulluɓe ta da tsohon zane. Har yau tana tashi in an kunna ta, sai dai takan yi ɗan gurnani kafin ta farka.

Kawu ya yi shekara talatin yana buga tafireta a ofisoshin gwamnati, kuma ya ajiye aiki a shekarar da aka ba mu jihar Yobe. Ofishinsa na ƙarshe ne ya sallame shi da wannan kwamfuta, da yake an kawo musu sababbi. Fuskarta baƙa ce, haruffan kore, babu hoto, babu linzamin nan da ake zagayawa da shi a kan tebur. Komai da maɓalli ake yi. Ƙaramin yatsansa na hagu yana danne da wani maɓalli na gefe, sauran yatsun suna ba da umarni: hau sama, sauko ƙasa, share layi, ɗauke wannan sakin layi ka kai shi can. Duk jimlar da ya gama sai ya adana ta, domin wutar lantarkin Potiskum ba ta sallama in za ta tafi. Hannuwansa ba sa barin wurinsu tun daga bayan asuba har hantsi.

Littafi yake rubutawa a kan fataken da suke kora shanu a ƙafa daga nan zuwa Kurmi kafin zuwan manyan motoci. Mahaifinsa yana cikinsu. Duk ranar kasuwa Kawu yakan tafi kara, kasuwar shanu, ya zauna da tsofaffin da suka rage, su yi hira da Ngizimanci ko Fulatanci, ya dawo ya mayar da ita Hausa. Sunan kowane mashaya, kowane zango, wanda ya mutu a hanya da inda aka binne shi, duk yana so su shiga takarda. Tsofaffin kuwa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi ma kuma ya san ba yaro ba ne.

Yanzu ina karatu a jami'a a Maiduguri, inda muke layi don mu sami rabin awa a ɗakin kwamfuta. Kowace tana da linzami, fuskarta cike da ƙananan hotuna masu launi. Ana ta surutu wai in shekara ta dubu biyu ta kama duk za su rikice. Nakan yi tunanin abin da Kawu zai ce. Ina jin dariya zai yi, ya tambaya ko akwai wanda ya rubuta wani abin kirki da su tukuna. Ba ƙin sabon abu yake yi ba. Ai shi ne ya bar tafireta da shekara hamsin da 'yan kai ya koyi kwamfuta. Abin da yake cewa kawai, duk lokacin da hannu ya bar haruffa ya tafi neman wata kibiya a fuskar na'ura, jimlar da ke kansa takan tsere. Na yarda da shi a lokacin. Daga baya na gane akwai dalili na biyu da bai faɗa ba.

Na gama sakandare ina jiran sakamako, sai ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar ina karanta masa abin da ya buga da safe, wai kunne ya fi ido kama kuskure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Wata rana na zo da wuri na same shi yana bugu yadda ya saba, amma fuskar kwamfutar a kashe take. Inna Ladi ce ta taɓa makunninta wajen goge ƙura. Ya buga shafi biyu cur bai lura ba. Na miƙa hannu na kunna, haruffan suka bayyana, babu kuskure ko ɗaya. Ya ji ƙarar makunnin, ya tsaya. Can ya gaya mini likita ya ce ciwon idonsa irin wanda ba ya komawa baya ne, kuma yanzu haske kawai yake gani da inuwar mutane. Ya ce babi uku suka rage, in ya gama zai gaya wa kowa da bakinsa, amma kafin nan ba ya son a kwantar da shi a ɗaki ana yi masa sannu. Na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba.

Da babbar Salla ɗansa na fari, Yaya Sale, ya zo daga Kaduna da sabuwar kwamfuta a bayan mota. Ya daɗe yana shirin wannan kyauta. Ya haɗa ta da kansa, ya kwashe rubutun ya zuba a ciki, ya kai tsohuwar ɗakin ajiya kusa da buhunan gero. Maƙwabta suka shigo kallo. Kawu ya sa albarka, ya shafa linzamin kamar mai shafa kan ɗan akuya.

Wanda ya san gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Kawu bai taɓa kiran sunan Yaya Sale ba, sai dai ya ce mutumin Kaduna. Ba sa zama su yi doguwar magana. To ta ina zai fara ce masa kyautarka ba ta yi mini ba? Mako uku ina zuwa da la'asar, babu sabon layi ko ɗaya. Yakan zauna gaban na'urar ya ɗora yatsunsa, ya danna umarnin da ya sani, sai wani akwati ya buɗe wanda ba ya gani. Na ce ya faɗa ni in buga. Muka gwada kwana biyu, ya ce a'a, maganarsa a yatsunsa take, in ta bi ta baki sai ta zama hira. A cikin makonnin nan ne ɗaya daga cikin tsofaffin kara ya rasu. Kawu ya dawo daga jana'iza ya ce mini, a hankali, mai yiwuwa littafin nan iyakarsa ke nan.

Ni ba mai magana ba ce, balle da Yaya Sale da ya girme ni da shekara goma sha biyar. Da ya dawo bikin sunan wata ƙanwarmu, na kwana biyu ina tsara abin da zan ce, na kasa. Ranar da zai koma, Kawu ya tafi masallaci, sai na roƙe shi ya zo ya nuna mini wani abu a kwamfutar. Da ya zauna na ce, "Yaya, don Allah rufe idonka ka adana wannan shafin."

Ya yi dariya, ya ce 'yan boko da fitina. Ya rufe ido, ya kama linzamin, ya zagaya da shi, ya danna nan, ya danna can. Dariyar ta ragu. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Na san na karya alkawari, ko da ban furta kalmar ba. Na zaci zai tafi ya tari mahaifinsa da maganar asibiti. Bai yi ba. Da Kawu ya dawo, Yaya Sale ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce kwamfutar ofishinsu ta lalace, aiki ya tsaya, yana neman alfarmar Baba ya ara masa wannan na 'yan watanni. Kawu ya juya wajen Inna Ladi, domin ba zai amsa masa kai tsaye ba.

"Kin ga mutumin Kaduna ko? Ya ba da kyauta da Salla, ya dawo karɓa tun naman bai ƙare ba. A ba shi kayansa. Uwata, a fito mini da tsohuwata."

Har yau ban sani ba ko ya gane. Ina kyautata zaton ya gane, domin da Yaya Sale zai shiga mota, Kawu ya raka shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

Kafin a girbe gero ya gama babi ukun. Ya tara iyalinsa ya gaya musu halin idonsa kamar yadda ya ce zai yi. Ya rayu wata bakwai bayan haka, yawanci a zaure, yana karɓar baƙi cikin nishaɗi.

Ba a buga littafin ba tukuna, muna dai kan nema. Kwafi uku ne a ɗaure, ɗaya yana gidan Kawu. Amma labarinsa ya zaga gari, kuma mutane suna zuwa. A hutun nan wani direban tirela daga unguwar Yerimaram ya yi sallama, ya ce an ce masa sunan kakansa yana ciki. Na duba na samo shi a babi na ƙarshe. Na karanta masa yadda kakan ya kamu da zazzaɓi a hanyar dawowa, yadda abokan tafiya suka ɗauke shi kwana biyu a kan bijimi, da sunan ƙauyen da suka binne shi a gindin tsamiya. Mutumin ya ce shekara goma sha ɗaya yana wuce ƙauyen nan da lodin shanu, ko birki bai taɓa takawa ba. Ya sa na rubuta masa sunan a takarda, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce ranar Alhamis yana da lodi, kuma zai tsaya.