Littattafan da na mayar saman kabad

Tun ranar da aka ce na samu aikin shara a ɗakin karatun nan, tambaya ɗaya nake yi wa kaina. Ni da na bar makaranta a aji huɗu za a saka cikin littattafai? Wurin ma na masu bincike ne a kan ƙasashen Asiya, su Sin da Japan da Indiya, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Na san in na ɓata abu ɗaya zan koma unguwarmu ta Nima in zauna, ga yarinyata 'yar wata tara, ga babanta a lokacin ba ya aiki.

Madam mai kula da wurin magana ɗaya ta yi mini: "Hajiya, ki goge ƙura, amma kada ki sauya wa littafi wuri." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a Accra da kin yafa mayafi kin zama Hajiya.

Satin farko lafiya lau. A na biyu ina shara can ƙurya, na durƙusa, sai na ga layin ƙasa, inda tsintsiya ke bi, inda takalman mutane ke gogawa, duk rubutun Larabci ne. Mu a gidanmu ko guntun takarda mai Larabci aka gani a lungu, ɗauka ake yi a kaɗe a ajiye a sama.

Na je famfo na yi alwala. Kullum da safe kafin Madam ta iso sai in kwashi uku ko huɗu, in hau kujera, in jera su saman kabad a kan wani ɗankwalina mai tsabta. Akwai wani mai koren bango da ruwan zinariya, shi har sumbatarsa nake yi.

Ranar wata Laraba wani dattijo ɗan unguwar Kotobabi, wanda ya yi karatu a Pakistan, ya zo neman littafi. Madam ta duba kwamfuta, kwamfuta ta ce yana nan. Ta je layin, wayam. Ta fara ihu da Turanci tana haɗawa da yarensu na Twi, wai an yi mata sata. Na ce, "Madam, ba a sace ba. Suna sama."

Da na sauko da su, dattijon ya buɗe ɗaya, ya kalle ni, ya toshe baki da hularsa.

"Ɗiyata, wannan ai Urdu ne, harshen mutanen Pakistan. Da baƙaƙen Larabci suke rubutu."

"To me yake cewa, Baba?"

"Kiwon kifi a kududdufi."

"Wannan fa?"

"Tarihin jirgin ƙasa."

Na miƙa masa mai koren bangon da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa.

"Maganin basir."

Madam ba ta jin Hausa, amma da ya fassara mata sai da ta zauna a kan kujerar da nake hawa, tana share hawayen dariya. Ni dai ina tsaye ina jiran a ce in ajiye tsintsiya in tafi. Dattijon ya ce mata wadda ke yin alwala kafin ta taɓa littafin kifi ba za ta taɓa yaga mata shafi ba. Madam ta ce in mayar da su duka yanzu-yanzu, shi yana karanta lambobin ni ina jerawa, gobe kuma in zo da wuri.

Har yau ina wurin. Sai dai duk ranar da littafi ya ɓata, ko na Japan ne, Madam ba ta fara duba kwamfuta, saman kabad take kallo, sannan ta kalle ni. Don Allah, in kun zo karatu, ku riƙa mayar da littafi inda kuka ɗauke shi.