Motar da Inna Ta So Ta Mutu

A shekara ta biyu ta fari, geron garinmu Kurawa ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Rumbunmu ko ɓera ya daina leƙa shi. Ni ina garin Isa a lokacin, ina kanikanci a bakin tasha, kuma ina ji da kaina ƙwarai. In kana son ganin tsiyata, ka ce mini aiki ya fi ƙarfina.

Yayana, ɗan farin Inna, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake jigilar hatsi da ita ranar kasuwa. Hatsi ya ƙare, jigila ta ƙare. Sai ya yanke shawarar kwasar matarsa da 'ya'yansa ya yi Kurmi, can Kudu, ko Allah ya sa ya samu lodi a can. Abu guda ya tsare shi: sandar giya ta saki. Lilo take kamar ludayi cikin ƙwaryar fura, ka nemi na ɗaya ta ba ka na uku, ko ta hana ka duka. Direbobin Sabon Birni suka ce giyabos ya mutu, kuma a wannan marra ko kusa ba shi da halin sayen wani. Ya aiko in zo in duba.

Na sauka Kurawa da hantsi, na fara shiga gaida Inna. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna tana sonsa ko da son zai kashe ta. Tun da nake ban taɓa jin ta ce masa zauna ko tashi ba, balle ta ce kada ka tafi. Na tarar tana sauya wa anza ruwa, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da yunwa ta koya mana ci.

"An ce motar wancan ta mutu," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Haka aka ce, Inna. Za ni duba."

"Abin da ya mutu a bar shi ya huta. Kai ka san ƙarfe, abin da ka ce shi za a ɗauka."

Ni ba yaro ba ne. Na gane sarai abin da take roƙo.

Motar tana ƙarƙashin aduwa a ƙofar gida. Ban tayar da inji ba. Na taka kuloci, na kaɗa sandar a firi ba giya, na tura ta cikin giya na sake kaɗawa, lilon bai ragu ba. Giyabos da ya mutu kuwa ba haka yake yi ba. Cijewa yake, ko ya yi gurnani, ko ya tofo giya a kan hanya. Na ce wa Yaya ya zauna ya riƙa kaɗa sandar, ni na kwanta ƙarƙashi. Sandar na motsi a sama, amma ƙarfen da ke kai saƙonta ƙasa yana yawo a cikin raminsa kawai. Robar mahaɗar ce ta cinye ƙurmus. Na kama ɗan hannun da ke jikin giyabos na ja da kaina, giya ta shiga ƙwas. Na mayar, ta sake shiga. Lafiyarsa lau, ya fi mu lafiya ma.

Na daɗe kwance a wurin. Babu wanda ya gani sai ni. Kalma ɗaya zan faɗa Yaya ya zauna gida.

"Ƙanena, mi ka gani?" ya tambaya daga sama. "Faɗa min gaskiya. Ɗiyan ga jiya da ruwa suka kwana."

Ina so in ce tausayin yaran ne kaɗai ya buɗe bakina. Har da shi. Amma har da ƙaiƙayin nan nawa na in nuna wa direbobin Sabon Birni ba su san komai ba. Na ce, "Wane shashasha ya ce ya mutu? Samo min tsohuwar taya."

Na yanko roba, na huda da ƙusa mai zafi, na cusa, na ɗaure da waya. Kafin azahar sandar ta tsaya cak. Yaya yana ta shi mini albarka, ni kuwa na kasa shiga gida cin abinci.

Da safe suka ɗaure kaya. Kowa ya fito rakiya ban da Inna, kunya ba ta bar ta ba. Na same ta zaune a bayan danga, ta kasa kunne. Muna jin motar ta tashi, ta shiga na ɗaya, na biyu, na uku, sumul babu ko gargada, har ƙarar ta ɓace wajen hanyar Isa.

Na tsuguna ina jiran faɗa. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Gyaran ga zai kai su?" ta ce.

"Zai kai su, Inna."

"To, Allah shi yi maka albarka."

Yaran sun rayu, sun yi ƙiba a Kurmi, kuma kowa yana cewa na kyauta. Yaya bai samu dawowa ba sai da ruwa ya dawo. Ni na kai shi makabarta na nuna masa inda Inna take kwance.