Yaya Ubaida da Kifin Cikin Gilashi

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran yayata Ubaida Sayibu a gidana da ke Bawku. Bayan sallar La'asar ne, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, sai tire ya zame daga cinyarta. Kafin mu samo mota, ta riga ta cika. Likita ya ce hawan jini ne ya fasa mata jijiya a kai. Wanda ya ba mu ita shi ya karɓe ta, kuma dukkanmu can muka nufa.

Yaya, ba a Bawku ya kamata ki mutu ba. Kina da gidanki a Yendi, da bishiyar mangwaron da kika dasa da hannunki, da kabarin mijinki. Mutane da yawa sun ji dalilin barinki garin daga bakin da bai kamata ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don su ji daga wanda ya sani.

A Salaga aka haife mu. Mahaifiyarmu ta rasu ban iya tafiya ba, ke kika goye ni. Da ni a bayanki kike zuwa rijiya, da ni kike zuwa makarantar allo, har malaminku ya riƙa cewa almajirai biyu ya ɗauka da suna ɗaya. Da kika girma kika yi karatun nas, kika auri Malam Yussif, kuka zauna a Yendi. Can kika yi aiki har kika yi ritaya, amma ritayar a takarda ta tsaya. Barandarki ta koma ƙaramin asibiti. Tsofaffin unguwa suna zuwa ki auna musu jini, masu gyambo ki wanke musu ki ɗaure, kuma ban taɓa jin kin karɓi ko goro ba. Ranar da naƙuda ta kama ɗiyar Latifatu, maƙwabciyarki, ke kika shiga keke mai ƙafa uku da ita. Ba ku kai asibiti ba ta haihu. Yarinyar, Shahida, a hannunki ta faɗo.

Bayan rasuwar Malam Yussif gida ya yi miki girma. Ɗanki tilo, Fadlullah, yana aiki a Tema. Da ya ga kina ramewa, kina zama shiru har rana ta faɗi, sai ya zo miki da akwatin gilashi na kiwon kifi, da ɗan injin da ke hura iska a cikin ruwa, da ƙananan kifaye ja da shuɗi a cikin leda. Kika yi masa faɗa, kika ce ke kifi a miya kika san shi. Amma ranar ba ki bar gaban gilashin ba.

Kifayen farko duk sun mutu. Ruwan famfo kuka zuba kuka sake su a take, maganin da ke cikin ruwan ya kashe su. Kika kira ni a waya, kika ce, "Rauf, amana aka ba ni na kashe da jahilci." Na yi dariya a lokacin. Ke ba ki yi ba. Kika koma ɗaliba da furfurarki. Kika koyi barin ruwa ya kwana kafin a zuba. Kika ɗebo yashi daga bakin kogin Daka, kika wanke shi har ruwan ya fita garau. Kika bar injin yana aiki makonni babu kifi ko ɗaya a ciki, kika ce sai ruwan ya nuna, kamar yadda ƙullu ke nuna. Da Fadlullah ya aiko da wasu, sai suka rayu. Abinci kaɗan kike ba su, ruwa kuma ba kya canza shi duka lokaci guda. Yaran unguwa suka riƙa cika falonki bayan makaranta. Doka ɗaya kika sa musu, kada kowa ya ƙwanƙwasa gilashi. Shahida ce ta fi kowa daɗewa. Takan manna goshinta a jikin gilashin har ya bar tabo.

Sai kika je Salaga addu'ar kawunmu, daga nan kika leƙa Makango sayen kifi a bakin ruwa. A cikin kwanon wani masunci kika ga wani abu yana motsi, dogo, ruwan ƙasa, da tsinin baki da ƙananan ƙayoyi a gadon baya. Kifi ne, amma siffarsa ta maciji ce. Masuncin ya ce ba mai saye, jefar da shi zai yi a tudu. Kika ce ya ba ki. A bokiti kika kawo shi Yendi, kika sa masa suna Dogo.

Dogo ba ya son haske. Yana shiga gilashin ya nutse cikin yashi, ba a ganin komai sai tsinin bakinsa. Ba a jima ba ƙananan kifayen suka fara raguwa. Yau babu ja guda, gobe babu shuɗi, kuma ba a ganin gawa. Da kika gane shi ke haɗiye su, sai kika kwashe sauran kika ba wani malamin makaranta. Gilashin ya rage sai ruwa da yashi da guntun bututun da kika sa masa ya ɓuya. Wanda ya shigo zai ga tsohuwa tana hidima da akwatin da ba komai a ciki. Yara suka koma gida suka ce kifi na ɓacewa a gidan Mma Ubaida.

Kin sha faɗa mini irin kifin nan gwanin tserewa ne, ko ƙaramar kafa ya samu a murfi zai fita. Wata safiya kika manta ba ki mayar da dutsen da kike danne murfin da shi ba. Latifatu ta shigo aron rariya, ta tarar da shi yana birgima a kan siminti, ke kuma kin durƙusa da jiƙaƙƙen tsumma kina ɗaukarsa, kina cewa, "Haba Dogo, ina za ka? Me ka rasa a gidan nan?" Ta ajiye maganar rariya ta fita. Kin gaya mini wannan kina dariya. Ni da na ji, ban yi dariya ba.

Rani ya zo, ruwa ya yi wuya a Yendi kamar yadda ya saba. Kina ba maƙwabta daga tankinki, amma abin da aka riƙe shi ne kina zuba wa maciji ruwa mai kyau mutane na neman na sha. Idan aka ɗauke wuta injin ya tsaya, sai ki zauna da kofi kina ɗiban ruwan kina tsiyayar da shi daga sama don iska ta shiga, kada kifin ya shaƙe. Bakinki na motsi, don ba kya zama babu zikiri. Masu wucewa ta taga suna gani.

A cikin wannan ne zazzaɓi ya kama Shahida. Kika leƙa ta, kika taɓa wuyanta, kika ce a tafi asibiti yanzu. Aka ce za a fara gwada na gida. Da ta fara fizge-fizge aka ɗauke ta, amma lokaci ya wuce. Kika je gaisuwa, mata suka janye tabarma daga inda kika zauna.

Daga nan barandarki ta bushe. Tsofaffin da kike auna wa jini suka daina zuwa. Ki gaishe da mutum ya dubi ƙasa. Wata rana kika buɗe ƙofa kika ga an zuba toka a dokin ƙofar, layi guda daga bango zuwa bango. Wata rana kuma, da tsakar rana, dutse ya sauka a kan kwanon rufinki. Ba wanda ya furta kalmar a gabanki, amma ta iso ki: mayya. Duk wanda ya tashi a arewacin ƙasar nan ya san abin da zai iya samun tsohuwar da ke zaune ita kaɗai idan aka liƙa mata wannan suna.

Limamin unguwa, Allah ya saka masa da alheri, ya zo da kansa ya duba. Ya ce kifi ne, halittar Allah kamar sauran, kuma ya yi wa'azi a kan ƙazafi. Maganar ta sauka ƙasa-ƙasa, amma ba ta mutu ba.

Na zo daga Bawku, na bar albasata a kasuwa. Na ce miki, "Yaya, ki fito da shi tsakar titi ki kashe kowa ya gani, a huta."

Kika ce, "Idan na kashe shi a gabansu, na amsa cewa ni na ci Shahida. Yarinyar da na yanke wa cibiya. Kuma shi me ya yi? Tanar ƙasa yake ci, Rauf. Da hannuna nake tono masa a gindin mangwaro."

Ban sake faɗin haka ba. Amma washegari wasu samari suka kawo benci suka ajiye a tsallaken titi, daidai ƙofarki. Ba su yi zagi ba, ba su yi hira ba. Suka zauna suna kallon ƙofar har aka kira Magariba, gari ya waye suka dawo. Kika leƙa ta labule, kika ce in samo mota.

Da safe muka tashi. Kika ƙi fita a ɓoye. Kika bi gida gida kina sallama, har gidan Latifatu, kika tsaya a ƙofa kika ce a yafe miki idan kin saɓa wa wani. Ba wanda ya fito. Gilashin muka naɗe da bargo a bayan mota, Dogo kuma a bokiti a kan cinyarki, ta Gushegu da Nakpanduri har Bawku. A wani shinge soja ya ce a buɗe bokitin. Ya leƙa, ya ce wannan ai a garinsu soya shi ake yi. Nan ne kawai na ga kin yi murmushi a duk tafiyar.

Bawku ba garin hutu ba ne a shekarun nan. Akwai dokar hana fita, kuma akan ji harbi. Na ba ki haƙuri, kika ce ƙarar bindiga ta fi miki sauƙi a kan shirun da kika baro. Kika sake kafa gilashinki a falona, da haƙuri irin na da. Matan da ke tsince albasa a rumfata suka gano ke nas ce, suka fara kawo miki hannuwansu ki auna musu jini. Amma naki jinin bai sake sauka ba. Duk wanda ya zo daga Yendi sai kin tambaye shi yadda gwiwar Latifatu take, ko tana shan maganinta. Ban taɓa jin kin yi wa kowa baki ba.

Ranar addu'ar uku mota ta zo daga Yendi da mutanen unguwarki. Suka zauna, suka yi fatiha, suka ce kin yi musu alheri. Da za su tafi, wani dattijo daga cikinsu ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce, "Abin nan fa? An binne su tare?"

Na ce, "Kifin yana falo. Ku shigo ku gan shi."

Ba wanda ya shigo. Suka hau motarsu.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Ubaida. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sa raunukan da ta wanke da jariran da ta karɓa su zama shaida a gare ta. Ka haɗa ta da Malam Yussif da iyayenmu a gidan aljanna, ka haɗa ta da Shahida a inda ba mai raba su.

Ina miƙa ta'aziyya ga Fadlullah da iyalinsa a Tema, da dangin Malam Yussif a Yendi, da 'yan'uwanmu na Salaga, da matan rumfar albasa da suka wanke ta suka yi mata sutura alhali ba su daɗe da saninta ba. Allah ya ba mu haƙuri. Ya kuma tsare duk tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙasar nan daga bakin maƙwabtanta. Amin.

Ƙaninki,
Rauf Sayibu
Bawku